Hayaƙin mushen Dabaga

Kun daɗe ba ku ji ni ba. Wasu sun tambayi matata ko ina raye. Ina raye, ga abin da ya faru.

Ni ɗan agajin sa-kai ne a Agadas. Da fari ya yi tsanani, aka tura mu shida wajen Dabaga mu ƙone mushen dabbobin da suka zube kusa da rijiyoyi, kada ruwa ya lalace. Da tsofaffin tayoyi da man gazuwal muke ƙonawa. Sati uku. Ba abin rufe hanci sai rawani.

Na dawo da tari. Na ce mura ce.

Sai ya zama ko sujada na yi, numfashi ya sarƙe. Ranar da Hadiza, matata, ta ga jini a rawanina, mayafinta kawai ta ɗauka, muka tafi likita.

A likita aka auna majina sau uku, ba tarin fuka ba ne. Aka ɗauki hoton ƙirji. Lokotoro ya ɗaga shi ga taga, ya daɗe yana kallo.

"Malam Bubakar, taba kake sha?"

Na ce ban taɓa ba.

"To me ka shaƙa haka?"

Kwana sha tara na yi kwance da robar iska a hanci. Idan wuta ta ɗauke, injin iskar ya tsaya, Hadiza ta yi ta min fifita da kwali. A lokacin nake jin tsoro.

Keken ɗinkinta muka sayar don magani.

Da na iya tsayuwa na kai dosiye, takardun neman diyya, ofishin da aka tura mu. Wanda ya tura mu ba ya nan, sojoji sun sa wani a kujerarsa. Sakatare ya nemo takardar aikinmu. Sunan shugabanmu Alhusaini kaɗai ke ciki, sai "da wasu mutum biyar".

"Baba, na yarda da kai," in ji shi. "Amma ta yaya zan nuna kana cikin biyar ɗin? Sai dai shugabanku ya zo ya shaida."

Alhusaini ya rasu ina kwance. Irin tarina ne. Sai da aka sallame ni aka faɗa min.

Dosiyen na can har yau.

Yanzu da sauƙi. Ina zuwa masallaci da ƙafata, da hutu ɗaya a hanya. Na gode wa Allah, da Hadiza, da masu jinyar da suka yi haƙuri da ni, da masu lambun Dabaga da suka aiko min da buhun albasa.

Ƴan'uwana masu agaji, ku je in an kira ku. Amma kada ku hau mota sai kun ga sunanku cikakke a takarda, ku ɗauki hotonta. Ku nemi abin rufe hanci na gaske. In tari ya wuce sati biyu, ku tafi likita.

Bayan Alhusaini, wani ma ya rasu. Cikin mu shida, mu huɗu muka rage. Wanda ya san inda abokan aikina Musa da Gumar suke, ya ce musu su je a duba ƙirjinsu.