Telar Layinmu da Cututtukanta Uku

Rigimar farko da ciwo ya jawo wa Tela, da mai sabulu ta yi, kuma ta sha kaye. Fari-fari ne ya fito mata a bayan hannu, ta je bakin shagonsa ta tara masa jama'a, wai sabulunsa ya cinye mata fata. Da ta gama, mutumin ya naɗe hannun riga.

"Inna, duk layin nan da shi ake wanka, har ni. Ke kaɗai ya tsana?"

Aka yi ta miƙo hannuwa, kowa baƙi wuluk. Ta tattara mayafi ta koma kan kekenta.

Shagonta ɗan kurkuku ne: keken ɗinki, benci, madubi mai tsaga. Nan mijinta ya mutu ya bar ta, nan ta ɗinke yara huɗu har suka zama mutane. Doka ɗaya gare ta, ba ta nuna wa wata ɗinkin wata. Ko ni da muka tsufa tare, in na ɗaga yadi sai ta buge min hannu.

Bayan farin fata sai kasala da jin sanyi, ana zafi tana rufa da bargo. Likita ya ce wani ɗan abu ne a wuyanta ya rage aiki. Can kuma yatsu suka fara kumburi, da safe ba sa lanƙwasuwa sai rana ta ɗaga. Ta samu likitoci uku, na fata, na wuya, na gaɓɓai, ta riƙe su yadda take riƙe masu kawo ɗinki. Babu wanda ya san da ɗan'uwansa. In za ta wajen na gaɓɓai har hoda take shafawa ta ɓoye farin.

Surukarta ce ta tona ta. Ta raka ta asibiti, ta zazzage jakar magani a teburin likita.

"Mama, wa ya rubuta miki waɗannan?" in ji likitan.

"Wani."

"Wane wani?"

"Likita, aikinsa daban, naka daban. Ina ruwanka da awon wani?"

Ya dafe kai. Ya ce ai ukun 'yan gida ɗaya ne: garkuwar jikinta ce ta rikice, ta bar cuta ta koma kan mai gida, kuma in ta taɓa wuri ɗaya takan taɓa wani. Ba a warkewa, lallaɓawa ake. Aka haɗa likitocin suka daidaita magani, yatsun suka ɗan saki.

Babban ɗanta, direba, abu ɗaya ya ji a duk bayanin: ba a warkewa. Ya zo da mai sayen tsofaffin kekuna har ƙofar shago. Tela tana ta fama da zare, ta kasa zura shi a allura, ɗan nata ya tsaya a kanta.

"Inna, dubi hannunki. Jikinki da kansa ya ce ya gaji. A ɗauke keken nan ki huta."

Ta lashi bakin zaren, ta sake gwadawa, ya shige. Sannan ta ɗago.

"Uku suka taru a kaina ba su tashe ni daga kujerar nan ba. Kai ne na huɗun? To jeka nemo likitanka, a rubuta min maganinka. Matsa, ka tare min haske."