Baburin da Muka Tayar a Zaure

Shekararmu biyu da aure maigidana ya kawo mana mataccen babur gida. Malamin daji ne a lokacin, yana zagaya gandun dajin Birnin Gwari a kan keke. A bayan ofishinsu ya ga baburin, wani Bature ne ya bar shi da za su tafi, har ciyawa ta tsiro ta cikin tayoyinsa. Shugabansa ya ce ya ɗauka in yana so. Motar katako ce ta sauke mana shi a ƙofar gida, mata na leƙowa ta kan katanga suna dariya.

Maigidana ya kwance shi kaf a zaure, a kan sabuwar tabarmata, sai kuma mayarwa ta gagare shi. Mako uku ƙarafa suna zube, ni kuwa ina cika ina batsewa.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, Kirista ne mutumin kudancin Zariya, yana zaune wurin 'yarsa mai koyarwa a firamare. Ya yi kanikanci a soja, amma yanzu yanar ido ta hana shi gani. Wata safiya ya lalubo da sandarsa ya yi sallama.

Ya ce, "Malam, tun daga gida nake jin kana dukan ƙarfen nan. Me ya yi maka?"

Aka ba shi kujera. Duk abin da aka miƙa masa sai ya shafa ya faɗi sunansa: wannan fistin, wannan fulogi, wannan kafireta mai haɗa fetur da iska. Da aka zo kan kafiretar sai ya kama hannun maigidana ya matsa, ya girgiza kai.

"Waɗannan yatsun na sare itace ne. Ina uwargida?"

Maigidana ya ƙwala mini kira.

Haka na shiga aikin. Da zarar na sauke tukunyar rana sai in fito zaure da wani tsohon kwanon miya cike da kananzir, in wanke notuna, in zura zaren tsintsiya cikin 'yan ramukan kafireta. Dattijon yana cewa, "Sannu sannu, 'yata, kamar kina tsince tsakuwa a shinkafa." Ni kuma in ce, "To, Baba." Ringin fistin da kaca sai da wani direban motar katako ya samo mana a Kaduna. Sirdin kuwa baduku ya ɗinka da jar fata.

Damina ta kusa ƙarewa muka gama haɗawa. Maigidana ya buga kiki har gumi ya jiƙa rigarsa. Baburin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Kwana uku ana haka. Baba ya ce numfashinsa ne ba ya fita, amma ya rasa dalili. Ina cikin share zaure na ga zanzaro ya shige bakin salansa da laka a baki. Na kawo muciya na zura ƙotarta, sai ga busasshiyar laka tana zubowa, gida a kan gida.

Bugu ɗaya ya tashi. Kaji suka watse, hayaƙi ya cika zaure. Baba ya ɗora tafin hannunsa a kan tanki, sannan ya ce a rage masa mai kaɗan.

Ranar Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko masallaci, maigidana ya ce in shirya. Ya ɗauke ni muka nufi ƙauyenmu a ƙasar Kuyello, tafiyar da a da sai an kwana a hanya. Sau biyu muna sauka mu tura a rafi. Kafin la'asar ta yi sanyi muka isa. Na tarar da innata a tsakar gida tana ɓarar masara. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi hannuwana da baƙin mai ya kama, ta ce, "Ke kuma wane irin lalle ne wannan?"

Daga nan kusan kowane wata sai na je na gan ta, har shekara huɗun da suka rage mata a duniya. Har yau in na idar da salla nakan gode wa Allah da ya haɗa mu katanga da dattijon nan.