Mai Duba Mota da Tafin Hannu

Shekara goma sha tara Baban Gareji ya yi yana miƙa makulli a kamfanin hayar motoci. Kafin mota ta fita, shi ke zagaya ta da mai haya, yana nuna masa duk wani ƙwarzane ko lotsawa.

"Ɗauki hoto, ɗana," yakan ce. "Ranar dawowa ba wanda zai yarda da bakinka. Duba safaya, duba mai."

Bara idonsa ya fara hazo. Matarsa kaɗai ya gaya wa, don ya san manaja ba zai riƙe mai duba mota da ba ya gani ba. Sai ya koma shafa jikin mota da tafin hannu.

"Baba, aurenta za ka yi ne?" makanike ke tsokanarsa.

"Ta dai fi ka tsabta."

Wata ranar Talata wata malamar asibiti ta zo ɗaukar mota za ta mai da mahaifiyarta gida. Ya shafe motar tsaf, ya ce lafiya lau. Ita ce ta nuna gilashin gaba.

"Baba, wannan tsagewar fa?"

Hannunsa ba ya kaiwa tsakiyar gilashi. Da ta tafi haka, a kanta laifin zai faɗa. Manaja kuwa na tsaye a bakin ofis, komai a kunnensa.

Baba ya rubuta tsagewar a takarda, ya ba ta makulli. Sannan ya goge hannu a riga, ya nufi ofis tun ba a kira shi ba, don ya gaya wa manaja maganar idonsa da bakinsa.