Ɗan takarar da ya ƙarasa jawabinsa a zaune

Yana cikin jawabi jiya a unguwarmu ta Moduganari, sai ɗan takarar kansilan ya dakata, ya zauna a benci.

"Ku yi haƙuri, ina da ciwon suga," in ji shi. Ya ci dabino, ya ƙarasa a zaune, murya ƙasa-ƙasa. Abokin hamayyarsa kuwa, da ya karɓi lasifika, har guɗa ya sha.

Kusa da ni akwai maƙwabciyata Ya Falmata, mai fama da hawan jini. Asibitin unguwarmu ya daɗe ba shi da maganinta.

Ɗanta Modu ya ce, "Mama, wannan in ya ci, aiki zai yi mana ko jinyarsa za mu yi?"

Ta ce, "Kai ba ka taɓa bin layin magani aka ce maka babu ba. Shi ya san ɗacin abin. Wancan mai zaƙin bakin, me ka sani game da shi ban da muryarsa?"

Tambayar Modu ba ta banza ba ce, shugabanci yana son lafiya. Amma amsar uwarsa ce ta biyo ni gida.

Ku da wanne cikin 'yan takarar biyu hankalinku zai fi kwanciya?