Kifin Roba a Zurfin Zobe

Shekarar da kafaɗar maigidana ta lalace ita ce shekarar da kifin roba ya shigo gidanmu. A kan babur ya faɗi, a hanyar Kurfi. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙashi ya haɗu, amma hannun dama bai sake ɗaguwa ya wuce ƙirji ba. Masunci kuwa da kafaɗa yake jefa birgi, ragar kamun kifi. Tun yana ɗan yaro yake cikin kwale-kwalen mahaifinsa a dam ɗin Zobe. Bai iya wata sana'a ba, bai ma taɓa sha'awar ya iya ba.

Yayansa da ke noma a Wurma ya zo dubiya, ya daɗe yana kallon hannun.

"Ka bar ruwan nan ka dawo gida," in ji shi. "Ga gona, ga awaki. Tuwo dai ba ya gagarar mu."

"Yaya, a bar mani ranin nan kaɗai. In damina ta faɗi ban kawo abin kirki ba, ka turo mota a kwashe mu."

Ina bayan ƙofa na ji aka yi wannan alkawari.

Ƙanena direba ne, shi ya kawo kifin daga Kudu. Tsawonsa kamar tafin hannu, launin karfasa, da dalma a ciki, da ƙugiya a gadon baya. Na cika baho da ruwa muka gwada shi a tsakar gida. Da Malam ya ja zaren, sai wutsiyar ta riƙa kaɗawa kamar mai rai, har na ce a'uzubillahi. Ranar ya yi dariya, rabonsa da ita tun kafin faɗuwar.

Abin da ya ja hankalinsa shi ne wannan fatsa ba ta neman kafaɗa, wuyan hannu take so. Ya ce giwan ruwa ba ya zuwa gefe, yana can ƙasa a tsohon kwarin gulbi da dam ya shanye. Sai ya tuƙa zuwa tsakiya, ya saki kifin, ya karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu yana nutsewa, har zaren ya yi sako-sako. Daga nan ya fara ja a hankali, yana naɗe zaren a tafin hannu kamar yadda masuntanmu suka saba.

A bakin ruwa ya sha ba'a. Wani taubashinsa kullum sai ya tare shi: "Malam, in ka kamo na roba babba, ka yanko mani in yi takalmi."

"Kai da ke tace ruwa da gidan sauro, har kana da bakin magana?"

Yakan dawo ya ba ni labari yana murmushi, amma buhunsa a naɗe. Murhun bandata ya yi sanyi har kaza ta yi ƙwai a ciki. Sau ɗaya wani abu ya gutsure wutsiyar kifin robar, na zauna da allura da zare na ɗinke ta. Ina ɗinki ina addu'a, sai na ga ban san me zan roƙa ba: a ba shi kifin, ko a cire mashi ruwan daga rai. Na ce Allah Ya zaɓa mana mafi alheri.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Wata rana ya shigo tun kafin la'asar, ya naɗe hannu da hularsa, jini ya rine ta. Zaren ya yanka tafin har nama.

"Ya kama," ya ce.

"Yana ina?"

"Yana inda yake."

Ina wanke ciwon da ruwan ɗumi yana faɗa mani, idonsa a ƙasa. Giwan ruwan ya ja kwale-kwalen ya yi ta yawo da shi, har ya gaji ya taso. Ya ga bayansa fari fat kamar sabon kwano, ya ga kifin robar a bakinsa da ɗinkina a wutsiya. Saura kawai a cusa hannu a ɗago shi ciki. Hagu na riƙe da zare, dama ta ƙi tashi. Babu kowa kusa. Sun daɗe a haka, shi da kifin, sannan ya warware zaren daga hannunsa.

"Da bai kama ba, sai in ce Zobe ce ta ƙare," ya ce. "Yanzu me zan ce, uwar gida?"

 Na ɗaure hannun kawai.

Ruwan farko ya sauka, Yaya ya turo mota kamar yadda aka yi. Kwale-kwalen mun bar shi a kife bakin ruwa.

A Wurma muke yanzu. Ba mu rasa tuwo ba, alhamdulillahi. Malam yana sallarsa, yana gaida mutane, ba ya cin kifi. Da yamma yakan zauna gindin itacen bedi riƙe da igiyar akuya, sai in hango wuyan hannunsa yana ja a hankali, yana naɗe igiyar a kan tabon. In na ga haka nakan koma ɗaki, kada ya san na gani.