Hoton Yaya a Bakin Kasuwa

Ɗinki nake yi a bakin kasuwar Babura. Shagona ciki duhu kamar rumbu, waje kuwa rana ƙwal. In na ɗauki hoton riga zan tura wa mai ita, ko aikin wuyan ya ɓace a duhu, ko ƙofa ta yi fari fat. Wani mai gyaran waya daga Kazaure ya kunna min abin da ake kira HDR a kyamarar wayata, riguna suka dinga fitowa har zare. Na bar shi a kunne.

Wata ranar kasuwa Yayana, wanda acaba yake yi, ya buge ragon wasu baƙi daidai ƙofar shagona. Rago fa, ko karaya bai yi ba. Kafin ya buɗe baki ya ba da haƙuri sun rufe shi da gora. Na yi kukan kura na shiga, wani ya make ni a baki, na faɗa cikin shago ina tofar da haƙori. Daga nan ƙasa na ciro waya na dinga ɗaukar hoto, ina cewa a raina wallahi sai kun ɗanɗana kuɗarku. Ina jin ƙarar gorar a kansa har ya daina kare fuska. Suka ja ragonsu suka ɓace cikin mutane.

A hanyar asibiti Yaya ya cika.

Da hukuma ta ce in nuna su, na buɗe hotunan. Fuskokinsu sun narke kamar hayaƙi, kowa da hannu uku, gora a warwatse. Ba wanda za a iya kamawa. Na tafi har Kazaure na ci kwalar mai gyaran nan. Ya bari na gama, sannan ya ce in HDR na kunne, wayar hotuna da yawa take ɗauka a jere, na duhu da na haske, ta haɗe su ɗaya. Don abin da ke tsaye cak aka yi shi, ba mai motsi ba.

Yaya kaɗai ya fito sarai, kwance a inuwar rumfa, har ƙasar da ke gashin idonsa.

Inna ta matsa sai ta gani. Na hana, ta karɓe wayar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ka yanke min fuskar ka wanko. Ba mu da wani hotonsa."