Labarin da Iya Ba Ta Rufewa

"Ina faston?" in ji Baffa Nomau. Muryarsa ta dushe, sai na sunkuya kafin na ji shi.

Dawowata ke nan daga Kibiya neman fasto, jiƙe sharkaf, babur duk taɓo. Fasto ya tafi jana'iza wajen Kahu, rafi kuma ya kawo, ba mai ƙetarewa sai ruwa ya ja. Baffa kuwa, yayan babanmu, duk wanda ya ji numfashinsa ya san ba zai jira ruwa ba. Shi kaɗai ya rage a gidanmu bai taɓa taka coci ba. Tukunyar tsafin kakanni tana nan gindin tsamiya, duk shekara sai ya yanka mata jan zakara. Ran nan da safe kawai ya ce a kira masa mai bishara.

"To kai ka ba ni," ya ce.

"Ni, Baffa? Ni da na gudu daga aji biyu? Rabona da coci tun Kirsimeti, shi ma shinkafa ce ta kai ni."

"Ba karatu na ce ka yi min ba. Labarin Iya. Wanda ba ta rufewa."



Iya kakarmu ce, ita ta haifi Baffa da babanmu. In an gama girbi sanyi ya sauko, sai ta hura wutar kara a tsakar gida, mu zube gyaɗa a toka, ni da yayata Saratu da sauran jikoki. Ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa ba. Bisharar ma a bakin wata mata ta ji ta, suna surfe. Amma in ta ɗauko tatsuniyar kura, har ƙafarka kake janyewa kusa da wuta. In ta gama ta ce ƙurunƙus, ta yi dariya, ta ce ƙarya ta shirga mana, kowa ya je ya kwanta.

Guda ɗaya ce ba ta yi wa haka. Wani makiyayi ne a duwatsun Rurum, yana da garke har ba a ganin ƙarshensa. A ciki akwai wata tunkiya mai kunnen ƙashi, tana bin ɗanyar ciyawa har ta zurma tsakanin duwatsu. Da yamma ya duba bai gan ta ba. Ya bar garken, ya hau dutse ba takalmi, yana kira. Kuraye suka tare shi a hanya, bai juya ba.

"Suka cije shi, Iya?"

"Suka kashe shi, ɗan nan. Aka binne shi. Rana ta uku sai ga shi a tsaye, tabon na nan a hannunsa. Ko ruwa bai nema ba, ya ci gaba da kira. Sunansa Yesu."

"Ya same ta?"

"Yana kira."

Shi ke nan, sai ta koma tona wuta. Wata rana na gaji na ce, "Iya, kin manta ƙurunƙus!" Ta ɗaga min muciya. "Rufe min baki, mijin banza da ko zani bai taɓa saya min ba. Ƙurunƙus ta ƙarya ce. Wannan ba ƙarya ba ne, kuma bai ƙare ba."

Abin da ke ba mu tsoro shi ne, in ta zo wajen kiran, ba mu take kallo ba. Zana take juyawa ta fuskanta, ta ɗaga murya, wai tana kwaikwayon makiyayin: "Ina kike? Ina kike?" Mu mun ɗauka da iskoki take magana. Har na girma, in dare ya same ni a babur kusa da duwatsun nan, sai in ji kamar muryar tana bin bayana, in ƙara wuta.

Na zauna a bakin gadon Baffa na fara, ina in'ina. Na ce farar tunkiya.

"Baƙa," ya ce. "Mai tsagaggen kunne. Haka take cewa."

Na dubi kunnensa na hagu, wanda aka tsaga masa a filin dambe tun yana saurayi. Sai a lokacin na tuna ɗakin wa ke bayan zanar nan. Ashe duk sanyin nan da muka sha, mu 'yan rakiya ne. Ɗanta take kira, har ta mutu bai amsa ba, ita kuma ba ta taɓa yi masa wa'azi ido da ido ba.

Na kai inda take tsayawa, na tsaya.

"Ita tunkiyar me za ta yi?" ya ce. "Zakara za a yanka?"

"Ba na jin haka, Baffa. Makiyayin ai an riga an zubar da jininsa. Ita ba ta iya fitowa da kanta. Kuka kawai za ta yi, ya ji inda take."

Ban san daga ina maganar ta fito min ba. Ya daɗe yana kallon ƙofa, ruwa na zuba daga indararo. Can ya ce, "Ga ni nan." Ba da ni yake ba. Sai ya lalubo hannuna. "Ishaya, rufe labarin."

Na buɗe baki, kalmar ta ƙi fitowa. Kafin la'asar ya cika.

Na fita bayan ɗaki, kusa da tsamiyar, na rubuta wa Saratu a waya:

"Yaya, Baffa ya rasu. Fasto bai samu zuwa ba, ni na ba shi labarin tunkiyar Iya. Ya amsa, da kunnena na ji. Ya ce in rufe, na kasa, don ni har yanzu ina jin kiran nan a bayana. In an gama zaman makoki ki bar min yaranki kwana ɗaya. Zan hura wuta."